Littafin Fari da Buhu Bakwai

Ni ba mai karanta littattafan labari ba ne. Karatuna bai wuce shekara shida a lakwal ɗin mishan ba, Faransancin da na fito da shi kuwa ya ishe ni ne kawai in cika takardun baftisma, in karanta wasiƙar firist, in yi wa maƙwabta tafinta a asibiti. In kun gan ni da littafi da dare, to, shirin koyarwar ran Lahadi nake yi. Saboda haka sa'ad da 'yar ƙanwata, wadda take karatu a jami'ar Maradi, ta zo hutu a bazarar 2023 ta ajiye mini wani littafi a kan tabarma, dariya na yi mata. Na ce, "Ke kuwa, yaushe kawunki ya zama ɗan jami'a?" Ta ce, "Kawu, labarin manoma ne. Ka gwada shafi goma, in bai kama ka ba, ka mayar mini da abina." A wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin hanya ta saye shi, bangonsa ma ya soma rabuwa.

Wata biyu na yi ina karanta shi, ƙamus a gefe ɗaya, tocila a hannu. Wata mace ce ta rubuta shi, sunanta Jane Harper. An haife ta a Ingila a 1980, shekarar da aka haife ni, iyayenta suka ƙaura da ita zuwa Ostareliya tana 'yar shekara takwas, ta girma ta yi aikin jarida a birnin Melbon. Wannan ne littafinta na farko. Ya fito a 2016 da sunan The Dry, aka juya shi da Faransanci a 2017 aka sa masa suna Canicule, wato tsananin zafi. A shekarar nan kuma ya ci babbar kyautar da marubutan labaran kisa suke bayarwa a Ingila, daga baya har aka yi fim da shi. Ni dai littafin fari nake ce da shi, gama shi ne na farinta, kuma labarin fari ne.

Ga yadda labarin yake. Akwai wani ƙaramin gari na manoma da makiyayan tumaki, marubuciyar ta sa masa suna Kiewarra, ba ya cikin taswira, amma ta ajiye shi a jihar Biktoriya. Shekara biyu ke nan ba su sami ruwan kirki ba. Wata rana aka tarar da gawar wata mace a ƙofar gidanta, da ta ɗanta mai shekara shida a cikin ɗaki, an harbe su. Mijin, wani manomi mai suna Luke Hadler, aka same shi can nesa a bayan motarsa, shi ma matacce, bindigarsa tana kusa da shi. Jaririyarsu kaɗai aka bari da rai a gadonta. Kafin a gama haƙa kaburbura gari ya riga ya yanke hukunci: fari da bashi sun juya masa kai, ya kashe iyalinsa ya kashe kansa.

Sai abokinsa na ƙuruciya, Aaron Falk, ya zo jana'iza daga Melbon, inda yake aikin ɗan sanda mai binciken sata ta kuɗi. Bai zo da son ransa ba. Shekara ashirin da suka wuce an tsamo gawar wata yarinya, ƙawarsu, daga kogin garin, aka kuwa sami sunan gidansu Falk a rubuce a wata 'yar takarda cikin kayanta. Shi yana can shi kaɗai yana kamun kifi a ranar, ba mai shaidarsa, sai Luke ya ce masa su ce suna tare suna harbin zomaye. Ƙaryar ta cece shi daga hannun hukuma, amma ba ta cece shi daga bakin gari ba. Aka matsa musu, shi da tsohonsa, har suka kwashe kaya suka bar garin.

Manoman littafin nan ba irinmu ba ne. Mutum ɗaya yana da filin da ya fi gonakin ƙauyenmu duka, yana da tarakta, yana da asusu a banki. Da farko har na ce a raina, me waɗannan suka sani game da fari? Amma da na ci gaba sai na ga fari ɗaya ne a ko'ina. Su harbe dabbobinsu suke yi don ba abin da za su ba su, mu kuwa mukan kai sa kasuwa mu sayar da shi a kuɗin akuya. Akwai wurin da Falk ya tafi ya ga kogin da suka yi iyo suna yara, ya tarar ba ko ɗigo, sai ƙasa a tsattsage. Na tuna Gulbin Maradi da rani, rairayi fari fat, da yadda tsofaffi suke cewa ruwansa ya ragu tun da aka yi madatsar Jibiya a Nijeriya. Amma namu yakan dawo da damina, ko yaya. Nasu bai dawo ba, mutanen garin kuwa duk sun zama kamar busasshiyar ciyawa, kowa yana jin tsoron wanda zai ƙyasta ashana.

Abin da ya kama ni ba wanda ya yi kisan ba ne. Yadda garin ya karɓi baƙon nan ne. Mai kanti ya ƙi sayar masa da kaya. Aka manna takardu a gari ana tuna wa mutane mutuwar yarinyar. Aka zuba wa motarsa kashin dabbobi. Ba wanda ya gan shi ya yi kome, ba kotun da ta kama shi da laifi, amma shekara ashirin ba su rage kome daga zaton ba, sai ma ya ƙara tauri, yara waɗanda ba a haife su ba a lokacin sun gāje shi kamar gona. A nan ne na rufe littafin, na yi kwana uku ban buɗe shi ba. Matata ta ce ko Faransancin ne ya fi ƙarfina. Na ce mata i.

'Yan'uwa, ba Faransancin ba ne.

Waɗanda suke da shekaru a cikinku sun tuna 2005. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi bai gama ƙosawa ba, fara kuma ta sauka a wasu sassan ƙasar. Kafin daminar 2005 ta kankama, rumbuna da yawa sun zama wurin kwanan kaji. Buhun hatsi ya kai jika talatin a kasuwannin jihar Maradi, abin da da kaka ba ya kai rabin haka. Mata suka shiga daji suna tsinko anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki suna sauya ruwa don ɗacin ya fita. Ina ɗan shekara huɗu lokacin yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari, ban riƙe kome daga cikinta ba sai ƙamshin garin agaji. Ta 2005 kuwa na gan ta da idon babba, ina da shekara ashirin da biyar, ina mataimakin tsohon katakis ɗinmu.

A ƙauyenmu akwai bankin hatsi, ɗaki ɗaya na siminti da ƙofar ƙarfe. Dokarsa ita ce a sayi hatsi da kaka yana da araha, a ajiye, a sayar wa mutanen gari da damina a kan farashi mai sauƙi. Na gari ne duka, Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni. Kwamiti ya yanke cewa a shekarar nan ba bashi, sai da kuɗi hannu, kuma ran Talata kaɗai za a buɗe, gama bashin bara bai dawo ba, suna tsoro kada bankin ya mutu. Ban ce sun yi mugunta ba. Amma wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe tun watan Mayu, ina zai sami kuɗin tiya a watan Yuli?

Ma'ajin bankin dattijo ne daga cikin gidaje goma sha biyu na masu bi da muke da su, kowa Baba Ma'aji yake ce masa. Kwaɗo biyu ne a ƙofar, amma shugaban kwamiti ya tafi neman kuɗi Nijeriya ya bar masa nasa mabuɗin, don an yarda da shi. Bai haihu ba. Ya auri wata gwauruwa daga wani gari, ta zo da ɗanta, shi ya rene shi tun yana ɗan shekara bakwai. A lokacin da nake magana yaron ya kai ashirin, dogo, marar yawan magana. Shekara goma sha uku a garin, amma har ran nan in za a ambace shi sai a ce agolan Baba Ma'aji.

Wata safiya a ƙarshen Yuli, bayan an kwana ana ruwa, masu zuwa gona suka ga takalmi ɗaya a bakin tsohuwar rijiyar da take kan hanyar tunga, bakinta na itace ya zube ta gefe guda. Da rana tsaka aka fito da shi. Kashegari kwamiti ya fasa kwaɗo a gaban mai gari, aka ƙidaya, aka tarar buhu bakwai babu.

Hanya ta yanke, firist ba zai iya zuwa da babur ba, tsohon katakis kuwa ya kai matarsa asibitin Galmi. Ni na tsaya a bakin kabarin. Tun kafin mu fita daga gida wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, ka yi a hankali. Mutumin da ya ci amana ya faɗa rijiya don kunya, ba a yi masa doguwar addu'a." Ban amsa masa ba, amma na gajarta. Na tsallake waƙar da marigayin yake so, na karanta abin da ya wajaba da sauri, muka rufe. Matarsa tana durƙushe, ɗanta yana tsaye a bayanta, bai zubar da hawaye ba. Mutane suka lura da wannan. Ni ma na lura.

Kafin kwana uku magana ta juya. Baba Ma'aji ba ɓarawo ba ne, kowa ya san shi, shekara nawa yana riƙe da kuɗin baiko ko dala ba ta taɓa ɓata ba. To, in ba shi ba ne, wa ke kwana gida ɗaya da mabuɗan? Zato ya sauka daga kan mamacin ya hau kan agolan, gari kuwa ya ji sanyi, gama ya fi sauƙi a zargi wanda ba a haifa a cikinmu ba. Ba sata kaɗai ba, har aka fara cewa tsohon ya kama shi ne, shi kuwa ya tura shi.

Mai gari ya tara maza a zaure. Aka tambayi yaron inda yake a daren, ya ce yana gidan abokinsa. Aka kira abokin, ya ce bai gan shi ba. Sai mai gari ya ce duk wanda ya san wani abu ya faɗa. Na miƙe. Ba wanda ya kira sunana, ni na miƙe. Na ce na gan shi bayan magariba a ranar, da ƙullin buhu a bayan keke, da ya hango ni kuwa sai ya kauce ya bi ta bayan shinge. Wannan gaskiya ne, da idona na gani. Sa'an nan na ƙara cewa kwanakin baya sun yi faɗa da tsohon a kan gayauna, yaron ya ce masa, za ka gani.

Wannan ban ji da kunnena ba. Wata maƙwabciyarsu ce ta faɗa wa matar yayana, ita kuma ta faɗa a tsakar gida ina ji. Abin da ya kamata in ce shi ne, an ce sun yi faɗa. Kalmomi biyu ne, an ce, na kuwa yar da su a hanya tsakanin tabarmata da gaban mai gari. Na san lokacin da na yar da su. Na ga yadda dattawa suke dubana, ɗan lakwal, malamin masu bi, wanda ba zai yi ƙarya a kan ɗan ɗarikarsa ba, na ji maganata tana da nauyi a karo na fari a zauren nan, ban so in rage mata nauyi ba. Shekara biyu ina koya wa yara dokoki goma, har da wadda ta hana shaidar zur, ina sa su maimaita da ƙarfi.

Yaron ya dube ni, bai ce kome ba. Aka tambaye shi abin da yake cikin buhun, ya yi shiru. Jandarmomi suka zo suka tafi da shi, ya kwana goma sha ɗaya, suka sake shi don ba hujja. Amma gari bai sake shi ba. Ya kira gayyar maimai a gonar tsohon, ba wanda ya je. Iyayen yarinyar da yake nema suka mayar masa da kayansa. A ɗakin sujada, bencin da yake zama ya zama nasa shi kaɗai, ni kuwa ina gaba ina ja wa mutane waƙa, ina ganin bencin. Da aka gama girbi, shi da mahaifiyarsa suka ɗora kayansu a amalanken jaki tun da asuba. Ba wanda ya raka su ko bakin gari.

Shekara bakwai suka wuce. A 2012 ƙanen Baba Ma'aji ya rasu, 'ya'yansa suka buɗe wata tsohuwar akwatin ƙarfe ta marigayin da take ɗakinsa, suka kawo mini takardun ciki in duba ko akwai na gona. A ƙarƙashin littafin waƙoƙi na sami ɗan littafin rubutu irin na 'yan lakwal. Rubutun fensir ne, manyan baƙaƙe a karkace, irin na wanda ya koyi boko da girma a ajin yaƙi da jahilci. A shafin farko ya rubuta cewa bashi ne, za a biya da kaka. Daga nan sai layi-layi: kwanan wata, sunan gida, yawan tiya. Gida talatin da huɗu, daga tsakiyar Yuni zuwa daren da ya mutu. Na ɗauki fensir na tara. Buhu yana cin tiya arba'in, bakwai ke nan 280. Lissafinsa ya ba ni 278.

A gefen layuka da yawa ya sa harafin farko na sunan yaron, wato shi ya kai. A daren ƙarshe layi biyu ne. Ɗaya gidan wata tsohuwa ne a yammacin gari, da harafin yaron a gefe, shi ne buhun da na gani a keke. Ɗayan kuwa wani gida ne a tunga, bayan tsohuwar rijiya, ba harafi. Da kansa ya kai, a cikin duhu, ana ruwa, tsoho mai shekara sittin da wani abu wanda ya yi wata biyu yana cin abinci sau ɗaya a yini.

Da dare suke kaiwa don kada kwamiti ya sani, don kuma kada a kunyata masu karɓa. Yaron ya yi shiru a zaure domin in ya buɗe baki, ya tabbatar wa gari cewa tsohon da ya rene shi ya buɗe bankin ba da izini ba, ya kuma tona gida talatin da huɗu.

Sunan mahaifiyata yana ciki sau uku, tiya huɗu-huɗu. Na tuna tuwon. Na tuna na dawo daga gona na tarar da shi a akushi, na tambaya daga ina, ta ce in ci in yi shiru.

Da dare na same ta a ɗakinta. Na ce, "Inna, hatsin nan na shekarar yunwa, kin san wanda ya kawo?" Ta ce, "Na sani." Na ce, "Shi yaron?" Ta ce, "Shi. Sau uku, yakan ajiye a bayan rumbu ya yi gyaran murya ya tafi." Na ce, "To, me ya hana ki faɗa?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Sa'an nan ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ana kiran mata zaure? Ni tawa tiya goma sha biyu na sani, ban san ta kowa ba. Da aka ce buhu bakwai, na ce a raina watakila ya kawo mana kaɗan ya sayar da sauran. Kuma kai ne ka tsaya ka yi shaida. In fito in ƙaryata ɗana a gaban gari?"

Haka kowane gida ya yi lissafinsa. Kowa ya san 'yar tasa tiyar, ba wanda ya san jimla, kowa kuma yana tsoron a ce ya biya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na sha tunani a kan mutanen da suka fi ɗaga murya a zauren ran nan, uku daga cikinsu sunayensu suna cikin littafin.

Da na ce muku daga nan na tashi na gyara abin da na ɓata, da na ji daɗin rubuta wannan. Ban yi ba. Na sa littafin a tsakanin rajistar baftisma, na kulle. Na ce wa kaina tsohon ya mutu, yaron ya tafi, tonawa za ta kunyata gidaje da yawa, har da mahaifiyata. Da ta rasu sai na sami wani dalili. Shekara goma sha ɗaya ina buɗe akwatin nan duk lokacin da aka kawo jariri, ina ganin bakin littafin, ina rufewa.

Bayan kwana ukun nan na koma kan littafin Jane Harper, na ƙarasa shi. Ba zan faɗa muku wanda ya yi kisan ba, ko da wani zai same shi ya karanta. Abin da zan ce shi ne, ba Luke ba ne, ba kuwa fari ne ya kashe mutanen nan ba. Kuɗi ne, da wani mutum mai mutunci wanda kowa yake gaisarwa da ladabi. Abin da ya fara warware maganar ƙaramin abu ne: ɗan sandan garin, wani baƙo mai suna Raco, ya lura harsasan da aka yi kisan da su ba irin waɗanda Luke yake ajiyewa a gidansa ba ne. Mutum ɗaya ne ya tsaya ya duba abin da yake gabansa, sauran gari sun riga sun gamsu. Ni ma da nake karatu na zargi wani mutum dabam, mai baƙin hali da mugun baki, na tabbata shi ne har kusan ƙarshe. Na yi wa kaina dariya marar daɗi, shekara goma sha takwas ban sake hali ba.

Akwai abin da ban yarda da marubuciyar ba. A ƙarshe Falk ya sami jakar yarinyar nan da ta mutu, a ɓoye a wani rami tsakanin dutse da itace, da littafin da take rubuta sirrinta, gaskiya ta fito a rubuce, labari ya ƙare a nan. Kamar samun takardar shi ne ƙarshen wahala. Ni na sami tawa takardar, na san ba haka ba ne. Takarda tana iya kwana shekara goma sha ɗaya a akwatin katakis. Amma ban riƙe wannan a kanta ba, littafinta na fari ne, kuma ita ce ta sa na buɗe akwatin.

Na fara zuwa wurin mai gari, ɗan wancan na dā. Na karanta masa jimlar, ban karanta sunaye ba. Ya ce, "Malam, wannan magana tsohuwa ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, a zauren nan na faɗe ta, a nan nake so in janye ta." Ya tara dattawa ran Juma'a da yamma. Na faɗi abin da yake cikin littafin, na faɗi kalmomi biyun da na yar, na ambaci gida ɗaya kaɗai, namu. Ba wanda ya yi magana. Wani tsoho ya tashi ya fita, na ɗauka fushi ya yi, ashe kuka ne ya ci ƙarfinsa. Ran Lahadi na maimaita a gaban jama'armu bayan sujada, muka tafi kabarin Baba Ma'aji muka yi waƙar da na tsallake. Da kakar shekarar nan wasu suka riƙa kawo hatsi ƙofar bankin da dare suna ajiyewa, ba suna. Ya kai tiya sittin da 'yan kai.

Neman yaron ya fi wuya. Yaro nake cewa, alhali ya kusa arba'in. Samarinmu masu zuwa cin rani suka bi mini sawu, har aka samo lambar salularsa. Yana Agadas, magini ne, yana da mata da 'ya'ya huɗu. Na yi sati da lambar a aljihu. Ran da na kira, na fita bayan gari inda ake samun layi, na tsaya a gindin gawo.

Ya ɗauka ya ce, "Wa ke magana?" Na faɗi sunana da na garinmu. Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Sa'an nan ya ce, "Malam. Ina gajiya?" Muka gaisa kamar mun rabu jiya, ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Na faɗa masa kome, littafin, da zauren, da abin da na ce na ji alhali ban ji ba. Na roƙe shi gafara.

Ya ce, "Faɗan gayauna mun yi shi. Amma ban ce masa za ka gani ba. Baba ne, ta yaya zan ce masa haka?" Na ce na sani. Ya ce, "Ba ka sani ba, Malam, yanzu ne na faɗa maka." Na yi shiru. Ya ce, "Inna ce take bukatar wannan magana. Ta rasu shekara tara ke nan. Har ta mutu, in an ambaci garinku sai ta juya fuska."

Na tambaye shi abin da za a yi da hatsin da aka tara. Ya ce ba nasa ba ne, na banki ne, a mayar inda aka ɗebo. Na tambaye shi ko zai zo, ko sau ɗaya, ya ga kabarin. Ya ce aiki ya yi yawa. Har zan yi sallama sai ya ce, "Littafin nan, yana hannunka?" Na ce yana nan. Na fara gaya masa abin da yake ciki, ya katse ni. "Na san abin da ke ciki, rabinsa a bayana ya tafi. Rubutun Baba nake so in gani. Ba ni da kome nasa, ko hula."

Na kwafe jimlar a rajistar banki, ban kwafi sunayen ba. Na naɗe littafin a leda biyu saboda ƙura, na ɗaure da zare, na hau babur zuwa Maradi na ba wani direban motar Agadas, na rubuta lambar salular a jikin ledar da manyan baƙaƙe. Direban ya juya ƙullin a hannunsa ya ce, "Malam, kuɗi ne a ciki?" Na ce a'a, takarda ce. Ya jefa shi a aljihun gaban mota, ya ce jika ɗaya.

Bayan kwana huɗu salulata ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Lambarsa ce. Na fita gindin gawo na kira, ya ce saƙo ya iso, ya gode, yana kan bango ne yanzu, siminti zai bushe.